Hotunan suna a cikin tele

Ranar da surukata ta zo daga Bengu ganin jikarta, maigidana yana Yamai. Na sha ganin yadda yake haɗa ordinater, wato kwamfuta, da tele, sai na soka wayar da kaina, hotunan suna suka fito manya-manya. Inna ta ce, "Kai, 'yar nan, ashe kin iya!" Nan kaina ya kumbura.

To, kullum maigida yana kukan ordinater ta cika, ni kuwa ina tsoron ta lalace a hannuna. Na ce tunda hotuna sun riga sun shiga tele, bari in rage wa ordinater kaya. Na goge su kaf, har da abin da ke buɗe su. Tele ta yi fayau.

"Ina jikata ta shiga?" in ji Inna.

Na leƙa bayan tele, na jijjiga ta, na kira maigida ina kuka, don ba mu da wasu. Ya yi dariya har ya ƙware, ya ce suna kwandon sharar ordinater, zai fiddo su.

Har yau in ana kallon kokawa na doshi tele, sai ya ce, "Ku riƙe ta, kada ta goge mana 'yan kokawa!"