Teku a Bahon Wankin Kaka

A duk zuriyarsu babu wanda ya san teku kamar babban jikan Kaka. Ya san zurfinsa, ya san gishirinsa, ya san inda yake fama da zazzaɓi. Shekara shida ya yi yana karatunsa, kuma sau ɗaya ya taɓa ganinsa, ta tagar jirgin sama, ranar ma akwai gajimare. Yanzu an ba shi gurbi a jirgin ruwan masu bincike, wata takwas ba sauka, kuma gobe ne zai ba da amsa. Mahaifiyarsa ta ce ita ba ta hana ba, amma sai tsohuwa ta yarda. Tsohuwa kuwa ƙanƙara kawai ta aike shi ya sayo.

"Lafiya lau, Amarya, sai zafi," ya ce, ya ajiye leda tana ɗiga a gefen tabarmarta.

Kaka ta ɗaga ledar da yatsu biyu. "Ƙanƙara na aike ka, Maigida, ka kawo mini hawayenta. Wannan ne mijin da zai riƙe ni?"

"Rana ce ta ci rabonta a hanya. Ai duniya ma gaba ɗaya ƙanƙararta narkewa take yi."

"To, ashe ita ma kai ta aika."

"Ke da aka haƙa teku a gabanki, ai kin fi ni sani. An ce ke kika kai wa ma'aikatan ruwan sha."

"Ni ce. Kuma ban ga irinka a cikinsu ba. Yaron da sai mutum biyu sun danne kafin a yi masa wanka, wai yau shi zai je ya auna teku. Ruwa ba sa'an kwando ba ne."

Ya ce gani ya kori ji. Ya jawo farin bahon wankinta da ya wuni a rana, ruwan ciki ya yi ɗumi. Ya sa guntun ƙanƙarar da ya tsira a gefe ɗaya, ya ɗiga masa bular wanki.

"Ƙanƙarata da bulata. Namiji ke nan, ko misali zai yi sai da kayan matarsa."

Amma ta sunkuyo. Shuɗin bai watsu ba. Ya sulale ƙasa siriri kamar zare, ya kwanta a gindin baho, sannan ya fara rarrafe a hankali zuwa ɗaya gefen.

"Ruwan sanyi ya fi nauyi, shi ya sa ya nutse," in ji shi. "Haka yake a teku. Can ƙarshen duniya ruwa mai sanyi da gishiri yana nutsewa, na ɗumi ya biyo ta sama ya maye gurbinsa, ɗauke da zafin ƙasashen rana zuwa ƙasashen sanyi. Kogi ne a cikin teku, ba gaɓa, ba gada. Na ƙasan yana tafiya cikin duhu, sai ya yi kamar shekara dubu kafin ya sake ganin rana."

Ya ga idanun Kaka sun bi zaren shuɗin, kamar mai raka baƙo. Wataƙila tana tunanin ruwan da ya nutse tun ba a haifi kakar kakarta ba, yana can yana tafe shi kaɗai, bai san an yi ta ba, bai san an yi jikanta ba.

"Shekara dubu," ta ce a hankali. "Ashe akwai wanda ya fi ka daɗewa a aike."

"Yanzu kuma ana tsoron ya rage sauri. Duniya ta ɗumama, ƙanƙara tana narkewa tana tsarma gishirin, ruwan ba ya yin nauyin da zai nutse sosai. In ya yi nawa, damina ma sai ta ɓata hanya."

"Ta riga ta fara. Kakanka inuwar bangon nan yake duba ya ce saura kwana tara, kuma ruwa ya sauka. Yanzu ko inuwar ta daina faɗin gaskiya." Ta gyara zama. "To kai tura shi za ka je ka yi?"

"Aunawa. Na'ura ake saki ta nutse, ta dawo da labarin zafi da gishiri."

"Wata takwas don ɗanɗana gishiri. Ni da bakin cokali nake ganewa." Ta dubi bahon, ba shi ba. "Ka san shekaruna kuwa? Wata takwas a wurin irina ba wasa ba ne."

Ya matsa kusa da tabarmarta.

"Ke da mutuwa ta ɓatar da adireshinki," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Zan dawo, in tarar da ke a nan kina zagin mai ƙanƙara."

Dariya ta kuɓuce mata har da tari. Ta tura hannu ƙarƙashin matashi, ta zaro hular sanyi mai kauri, sabuwar saƙa, ta jefa masa a cinya.

"Ungo, malamin baho. An ce can iska har kunne take yanka, naka kuma Allah ya yi su da faɗi. Je ka gaya wa uwarka na sallame ka."

Ya fita yana jin cewa ilimi ya yi aikinsa. Hula irin wannan, da idon Kaka, ba ta saƙuwa ƙasa da mako uku. Takardar tafiyar kuwa mako uku ke nan da zuwanta.