Lafiyayyen Jinin Malam

Ranar da zan koya wa ɗalibaina na jami'a a Kalgo gwajin maleriya, na ce sai sun fara ganin lafiyayyen jini tukuna. Na huda yatsana, aka shafa jinin a gilashi aka rina, ina cika baki: "Mu 'yan Gwandu, sauro ma shakkarmu yake yi."

Wata ɗaliba ta daɗe a kan madubin likita, sannan ta ɗago a ladabce. "Malam, waɗannan masu kama da zobe fa?"

Na leƙa. Ƙwayoyin maleriya ne, sun cika wurin kamar ranar kasuwa.

Na sha magani na warke. Amma har yau, in samfurin maleriya ya ƙare a ɗakin gwaji, sai ka ji an ce, "A kira Malam ya kawo yatsa."