Warin da Ya Tashi Otal a Yanbu

Ba zan taɓa mantawa ba da wata ranar Alhamis a Yanbu, ko da yake na yi iyakar ƙoƙarina in manta. Matata ce ba ta bari. Duk ranar da muka yi baƙi hira ta yi daɗi, sai in ga ta fara murmushi tana kallona ta gefen ido, in san an zo wurin. Shi ya sa na ga gara in ba da labarin da bakina.

A ƙarshen shekarun casa'in ne. Ina aikin haɗa magunguna a wani asibitin kuɗi a Madina, muna zaune a unguwar Jurf da matata da 'yan matanmu biyu. Larabawa duk wanda ya sa farar riga a asibiti Daktur suke ce masa, ni kuwa ban taɓa gyara wa kowa ba. (Gaskiya ma in aka kira ni da tsurar sunana sai in ji kamar an zage ni.) A lokacin shugaban sashenmu, Abu Faisal, yana shirin zaɓar mataimaki, kuma kowa ya san tsakanina ne da wani Bamisire. Ana cikin haka asibiti ya kama wa manyan ma'aikata da iyalansu ɗakuna na kwana biyu a wani otal na bakin teku. Da na duba jerin sunayen, ni kaɗai ne baƙar fata. Nan take na ƙudurta cewa a kwana biyun nan zan nuna wa Abu Faisal ni wayayyen mutum ne, ba irin Takarin da yake gani suna talla a bakin Harami ba. Allah ya yafe mini, amma haka na faɗa a raina.

Matsala ɗaya ce. Mahaifiyata, Inna, ta zo Umara daga Gusau, tana wurinmu, kuma ba yadda za a yi a bar ta ita kaɗai a gida. Na zaunar da ita na yi mata lacca kamar sabuwar ɗaliba. Na ce otal ne na manya, komai akwai, kada a ɗauki ko barkono. Na ce kada ta zauna a ƙasa a gaban mutane, kuma in tana ɗaki kada ta buɗe wa kowa ƙofa sai ta ji muryata. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "To." Na shekara arba'in da wani abu a duniya, amma har ranar ban gane bambancin "to" ɗin Inna na yarda da "to" ɗinta na "ka gama?" ba.

Otal ɗin ya haɗu, ba ƙarya. Dogon gini ne hawa biyu, ga itatuwan dabino a jere har bakin ruwa, ga rairayi fari tas, ruwan kuma garau har kana hango ƙananan kifaye masu launi suna kai-komo. Sanyin esi kuwa daga wuri ɗaya ake hura shi zuwa ko'ina ta wasu ramuka a rufin ɗaki. Inna ta tsaya ta daɗe tana kallon teku, sannan ta ce, "Duk wannan ruwa, kuma a ce ba ya shayuwa?" Ta juya ta koma ciki.

Abinci ne ya hana ta sakat. An jera jatan lande da ƙaguwa da wasu halittu masu gashin baki, ni ina ta ɗiba ina yi wa Abu Faisal bayanin amfaninsu a jiki, alhali ban san ta inda ake fara cin su ba. Inna ta leƙa kowace tasa ta mayar da murfi. Daren Laraba shayi ta sha da dabino. Safiyar Alhamis ma haka. Na lura, amma hankalina yana kan mataimakin shugaba.

Bayan Azahar matata ta kwashi yara suka tafi ɓangaren mata na bakin ruwa. Ni na ɗauka da Inna suka tafi. Muna zaune mu maza a babban zauren otal ana zuba gahawa, Bamisiren nan ya tafi iyo, fili ya zama nawa ni kaɗai, sai wani wari ya fara saukowa daga rufi. Da fari kowa ya yi kamar bai ji ba, kowa na zargin na kusa da shi. Can wani likitan haƙori ya toshe hanci da gefen rawaninsa. Wani ya fara tari. Wani ya ce ai garin nan cike yake da matatun mai da masana'antu, kada dai wani bututu ne ya fashe.

Abu Faisal ya juyo ya ce, "Ya Daktur, kai ka fi mu sanin sinadarai. Mene ne wannan?"

Na miƙe a hankali. Na je ƙarƙashin ramin esi na tsaya, na riƙa kaɗo iska zuwa hancina da tafin hannu, yadda aka koya mana a jami'a. Zan faɗi gaskiya a nan: akwai wani abu a can cikin hancina da ya ce ya san warin nan. Amma ya gauraya da turaren wuta na otal da ƙarnin kifi, kuma ni shekara bakwai ke nan da na kafa doka a gidana cewa in ba magi ba kada a sa komai a miya, don kada kayana su ɗauki wari in je asibiti da shi. Na rasa inda na san shi. Ido goma sha wani abu na kaina. Sai na gyara murya na ce, "Amoniya ce. Kuma tana ƙaruwa. A fitar da kowa."

Na ba da umarni a jiƙa tawul a rufe hanci, a nufi bakin ruwa ta inda iska ke tahowa. Manajan otal ya danna ƙararrawa, ya buga wa 'yan kwana-kwana waya. Abu Faisal ya dafa kafaɗata ya ce Allah ne ya kawo ni. Wallahi a wannan minti har na fara tunanin irin kujerar da zan sa a sabon ofis.

Ina tsakiyar nuna wa mutane hanya sai wani dattijo mai furfura a gemu, sanye da shuɗin kayan aiki, ya matso kusa da ni. Daga baya na san sunansa Malam Usmanu, Bahaushen Sudan ne, shi ke gyaran esin otal ɗin. Ya sassauta murya ya ce da Hausa, "Ya Daktur, kai ɗan gida ne ko? Wannan riha, warin nan, wallahi ni na san shi. Ka bari shuwayya, ɗan lokaci kaɗan, in zaga ɗakuna kafin a tara mana jama'a."

Abu Faisal yana tsaye a gefena yana ji ana yi mini wani yare. Sai na ɗaga murya na amsa wa dattijon nan da Larabci, na ce, "Baba, wannan aikin masana ne, ka fita kawai." Ya dube ni, ya ce, "Tayyib," ya matsa gefe. (Wannan wurin matata takan tsallake shi idan tana ba da labari. Ni ne ba na iya tsallakewa.)

Cikin minti kaɗan otal ya zube a kan rairayi, rana tana dukan tsakar ka. Ga wani da kumfar aski a rabin fuska, ga mata sun zura abaya a kan jiƙaƙƙun kaya, ga wani Balarabe mai ƙiba ya fito da farantinsa yana ci gaba da ci ta ƙarƙashin tawul. Ni kuwa na hau kan wani benci ina ƙirga kawuna kamar mai rabon gado. Motar 'yan kwana-kwana ta iso da jiniya.

Sai ga matata ta kutso da yara. Ita haifaffiyar Madina ce, in ta rikice Hausa da Larabci tare suke fitowa. Ta kira ni da sunan babbar 'yarmu, ta ce, "Ya Abu Amira, fen Inna? Ina take?"

Na ce, "Ba tare kuke ba?"

"La wallah! Ta ce kanta na ciwo, za ta kwanta a ghurfa, a ɗaki. Ana, ni na ɗauka kai ka fito da ita!"

Na fitar da mutum sama da ɗari daga guba, na bar uwata a ciki. Ban san sanda na diro daga bencin ba. Na naɗe fuska da tawul na bi bayan 'yan kwana-kwana biyu masu takunkumin fuska da tulun iska a baya, ina salati ina kiran Inna, hawaye na zuba. Abu Faisal ya biyo mu, matata ma ta danƙa wa wata yaran ta biyo. A gabanmu duka Malam Usmanu ne da tarin makullai, yana tafiya a natse, ba tawul ba komai.

Muna hawa bene warin na ƙara ƙarfi. Muna shiga dogon lungun da ɗakunanmu suke ya zama kamar za ka iya damƙarsa da hannu. A nan ne wani abu ya faru da ya ƙara dagula mini lissafi: cikina ya yi ƙugi. Ina gudu ina kukan mutuwar uwata, ga yawu yana taruwa a bakina. Na ce a raina ko haka gubar take kama mutum ne? Ban taɓa karanta wannan alamar a littafi ba.

Malam Usmanu ya murɗa makulli ya tura ƙofa.

Inna na zaune a ƙasa dirshan, ta miƙe ƙafa, ta ɗaura ɗankwali. A gabanta ɗan rishon lantarki ne irin na alhazai, da 'yar tukunya tana tafasa, miyar kuka tana ɓal-ɓal. A gefe ga tuwon semo ta riga ta kwashe a farantin otal. Ga sauran daddawar da ta gasa a kan rishon ta murƙushe da kwalbar ruwa, kuma duk wannan hidima daidai ƙarƙashin ramin da esi ke zuƙar iska. Ashe duk kayan nan a cikin jakar da na ɗauka ta carbi da dadduma ce suke, kuma da hannuna na ɗauko ta daga mota.

Ta ga ƙattai biyu da fuskar ƙarfe, ta ja mayafi ta ce, "Innalillahi! Su kuma waɗannan daga ina?"

Malam Usmanu ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Sannu da aiki, Hajiya. Ta kalwa ce ko batso?"

Fuskar Inna ta washe. "Batso ce, da hannuna na yi ta. Kai ɗan ina ne?"

Na sauke tawul. Na ce, "Inna, ba ki ji ƙararrawa ba? Ba a buga miki ƙofa ba?" Ta ce ta ji, ta ɗauka kiran cin ƙwarin nan nasu ne. Ƙofa kuma an buga har sau uku, amma ai an ce kada ta buɗe wa kowa.

Abu Faisal ya leƙo ta kan kafaɗata ya ce, "Esh hada, ya Daktur?" Na buɗe baki, Larabcina kaf ya gudu. Da ƙyar na ce, "Miya ce. Wannan mahaifiyata ce." Ya dubi tukunya, ya dube ni, ya sake duban tukunya. Sai ya jingina da bango ya fara dariya, irin wadda ba ta da sauti, sai kafaɗu ke rawa. 'Yan kwana-kwana suka cire takunkumi, ɗaya ya fito da takarda ya tambaye ni yadda ake rubuta sunan sinadarin. Na so ƙasa ta tsage, amma a hawa na biyu muke.

Da an tsaya a nan da na ce da sauƙi. Inna ba ta jin Larabci, sai ta tambayi Malam Usmanu me ya tara mutane haka. Dattijon nan, Allah ya saka masa, ya so ya rufa mini asiri. Ya ce, "Ba komai, Hajiya. Wani likita ne ya shaƙi ƙamshin, ya ce iskar guba ce, aka fitar da jama'a."

Inna ta riƙe haɓa. "Guba? Daddawar? Wane jahilin likita ne wannan, ba shi da uwa ne?"

Matata ta sunkuyar da kai tana cizon gefen mayafi. Malam Usmanu ya shiga nazarin makullansa. Ba wanda zai fitar da ni, sai na ce, "Ni ne, Inna."

Ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma cika kallona ido cikin ido ba. Ranar ta kalle ni, ta daɗe. Ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauki ludayi ta zuba wa Malam Usmanu miya a kan malmala biyu ta miƙa masa, sannan ta miƙa wa matata ludayin ta ce, "Zuba naki da na yara. Shi wannan kada ki zuba masa, guba ce."

Haka na tsaya a tsaye ina kallo suna ci, cikina na ta ƙugi a gaban shugabana.

Muƙamin dai Bamisiren aka ba, kuma har yau ban san ko don wannan ne ba. Na yi ƙoƙarin kare kaina a wurin abokan aiki cewa a kimiyyance daddawa tana fitar da amoniya, saboda haka ban yi kuskure ba, amma duk wanda na faɗa wa sai dariyarsa ta ƙaru. Muƙamin bai daɗe yana damuna ba. Abin da ya tsaya mini shi ne sai da na yi kwana uku ina zuwa gaida Inna da sassafe kafin ta ce a zuba mini.

Hausawa sun ce gwano ba ya jin warin jikinsa. Ni na ji nawa sarai, na ce ban san shi ba, na kira masa motar kashe gobara. Tun daga ranar, in dattijo ya matso ya yi mini magana da Hausa a gaban ko wane ne, da Hausa nake amsa masa, kuma sai na ji ƙarshen maganarsa.