Farar Rigar Dakta Mai Gadi

"Ni fa shekara ashirin da biyu na yi a asibiti. Mutum ya yi tari daga bakin titi, in gaya maka abin da ke damunsa!"

Maganar Dakta ke nan, maƙwabcina. Kuma gaskiya ya faɗa, ya yi shekarun a asibiti, sai dai a bakin ƙofa ya yi su, yana buɗe wa motoci. Tunda ya yi ritaya ba mu huta ba. Ka ce kanka na ciwo, ya ce hanta ce. Ni da nake masa aski, sau uku yana ba ni wata shida a duniya.

Sai aka ce wata nas za ta zo makarantar unguwa ranar Asabar ta koyar da tsabta, don gudawa ta addabi yara. Za ta kuma zaɓi mutum ɗaya ya zama wakilin lafiya mai bi gida-gida. Ai kuwa Dakta bai jira zaɓe ba. Ya sa tela ya ɗinka masa farar riga har gwiwa, ya jera biro huɗu a aljihu, ko ɗaya ba ya rubutu.

Ranar mun cika aji maƙil, manya a bencin yara, gwiwa na gaisawa da haɓa. Nas ɗin siririya ce mai sanyin murya. Ta ajiye bokitin ruwa, da buta, da sabulu, da wani ɗan gwangwani.

"Yau da wanke hannu za mu fara."

Dakta ya tuntsire da dariya. "'Yata, don wannan kika tara dattawa? Ni na sha ganin likitocin tiyata suna yi, ta taga."

"Madalla, Baba. To zo ka nuna mana."

Ya fito yana taku ɗai-ɗai. Ta barbaɗa masa gari daga gwangwanin, ta ce ya murtsuka.

"Wannan shuɗin wanki ne, mu ɗauka shi ne ƙwayoyin cuta. Duk inda ya taɓa, cuta ta je. Ka wanke yadda ka saba."

Ta miƙa masa sabulu.

"Sabulu na 'yan koyo ne," in ji shi.

Ya ture butar gefe, ya tsunduma hannu biyu cikin bokitin da aka tanada don kowa. Nan take ruwa ya rine.

"Jama'a, kun ga yadda mutum ɗaya ke ɓata ruwan gida guda," in ji nas.

"Ban gama ba!" Ya zaro hannu ya yarfe, 'yan layin gaba suka sha feshi. Wata tsohuwa ta duba mayafinta ta ce, "Allah ya isa!"

"Kun ga yadda cutar take yaɗuwa," in ji nas.

Gogan naka ya rasa abin yi, ya goge hannu a ƙirji. Sai ga tafi biyu shuɗaye ɓaro-ɓaro a farar riga. Zufa ta karyo masa, ya share goshi, ya shafi gemun da na gyara masa jiya, ya sosa hanci, ciki da waje. Kafin ka ce kwabo, Dakta ya koma kamar wanda ya faɗa rijiyar rini. Wallahi har tausayi ya ba ni, amma dariya ta fi ƙarfina.

Ya cafko hannun tela. "Kai, gaya musu ko ni wane ne!"

Tela ya dubi hannunsa ya ce, "Yanzu dai na sani. Kai ne annobar."

Nas ta sa aka sauya ruwa, ta tambaya ko akwai mai gwadawa. Matar Dakta ta miƙe daga baya. Aka barbaɗa mata garin, aka riƙa zuba mata ruwa da buta. Ta cuɗa sabulu ciki da baya, ta bi tsakanin yatsu, ta ƙwaƙule farce, ta ɗaga hannu tas.

"Mama, a ina kika koya?"

"A gida, 'yar nan. Shekara talatin ina wanke duk abin da wancan ya taɓa."

Nan take aka ba ta wakilcin, aji ya ɗauki tafi. Dakta ya nufi ƙofa sum-sum, sai matar tasa ta sha gabansa.

"Malam, tuɓe rigar nan in jiƙa tun kafin ta kama. Gobe da ita zan fara aiki, kuma da gidanka zan fara."