Madarar da Ba Ta da Ƙasa

Jama'a, ku yi mini sannu. Ranar Alhamis ɗin nan na sha shayin Turawa har cikina ya ɗauki kuka, a tsaye, cikin rana, a wani fili da ba na Arewa ba kuma ba na Kudu ba. Ni da ban san komai ba sai ɗan kofina mai ɗaci! Wai duk don a kare martabar doka a tsibirin nan namu na Kubrus, wanda manya suka tsaga gida biyu tun ina saurayi, suka ce na ɗan lokaci ne.

Maƙwabcina Mista Desmond Harbottle ne ya ja mini. Baturen Ingila ne, ya zo ƙauyenmu a nan Arewa tun da sauran baƙi a gashinsa, shi da matarsa Beryl. Mutumin kirki ne, amma yana da ciwo guda: ya ɗauka duk dokar da aka rubuta, don a bi ta aka rubuta. In ya ga mutum biyu a tsaye sai ya bi bayansu, wai layi ne. Ka taka masa ƙafa, shi zai ba ka haƙuri.

Beryl tana gidan kula da tsofaffi a Kudu, ƙwaƙwalwa ta tafi. Ba ta gane kowa, har shi. Sai fa in ya buɗe fulas ɗinsa ya zuba mata shayin da ya haɗa da madarar Pembe, saniyar matata, madarar da suka yi shekaru suna sha. Da ta kurɓa sai ta ɗago ta ce, "Desmond, ka rame." Su yi hira kafin kofin ya ƙare, daga nan ta sake ɓace masa. Shayin gidan kuwa a gindin fure take juye shi. Don wannan kofi ɗaya nake kai shi duk Alhamis a tsohuwar motata, kuma ban taɓa jin ƙyashin man ba, don tausayin mutumin nan yana cina.

Da, fasfonsa kawai yake ɗagawa a shinge ya wuce kamar ɗan gida. Tun da ƙasarsu ta yi yaji ta bar gidan Turai, shi ke nan ya koma layin baƙi. Masu girma, Allah Ya ƙara musu kujeru masu laushi, sun yi taro a otal sun sha sanyi, sun fito sun ce an warware matsalar Turawan Ingila. Kun san in suka warware abu, sai an nemo almakashi. Yanzu a shingen Arewa a yi masa sallama a ce ya fita daga ƙasa, ya ɗan gangara zuwa shingen Kudu a ce babu wata ƙasa a bayansa.

"A ina kake zaune, Baba?" in ji wani sabon jami'i, yaro ne da gashin baki bai gama shawarar fitowa ba.

"Can bayana, yallaɓai. Ga shaidar zamana."

"Wa ya ba ka?"

"Hukumar can."

"Babu hukuma a can."

Desmond ya waiga ya dubi can ɗin, inda tuta ke kaɗawa, jami'ai na shan kofi, ya ce, "Yi haƙuri." Wallahi haƙuri ya ba shi.

Wannan mun saba, a ja a ja a bar mu. Sai yaron ya leƙo ya yi tambayar da ake yi wa kowa: ko muna ɗauke da wani abu na dabba? To, duk ɗan tsibirin nan ya san amsar tambayar nan tun yana goye. Ni kaina cukun hellim nake zaune a kai, na surukata ne da ke Kudu. Na ce babu, har da murmushi.

Sai na ji Desmond ya yi gyaran murya. Na taka masa ƙafa. Ya ba ni haƙuri, ya ce, "Gaskiya, yallaɓai, akwai 'yar madara a cikin shayina."

Innalillahi! Yaro ya ja da baya kamar an ce maciji, ya hura usur. Sai ga Mai Girma Sarkin Shinge da kansa, tumbi a gaba, shi a baya. Aka ɗora fulas a kan teburi, aka kewaye shi.

"Ganyen shayi yana da izinin wucewa," in ji Sarkin Shinge. "Ruwan zafi ma haka. Madarar Arewa ce ba ta wucewa. Ku cire ta."

Na ce, "Ranka ya daɗe, da me za mu cire ta?"

"Wannan ba aikin ofishina ba ne."

Na matsa kusa na yi masa irin maganarmu. Na tambayi lafiyar iyali, na gano kakansa ya taɓa sayen jaki a ƙauyenmu. Na gaya masa labarin matar, na ce ana rufe ƙofar masu ziyara da yamma. Mutumin ya yi laushi, don ba mugu ba ne, kujera ce ta yi masa yawa. Ya ce akwai mafita: in shayi ne aka ɗiga wa madara, sunansa shayi, zai kau da kai. Ya juya ga Desmond, har yana kashe masa ido.

"Baba, ai shayin ka fara zubawa, sannan ka ɗan ɗiga madara, ko?"

Fuskar Desmond ta yi ja. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Ya miƙe wuya ya ce, "Yallaɓai, a gidanmu madara ake fara zubawa. Haka uwata ta yi, haka kakata ta yi."

Na dafe kai. Sarkin Shinge ya yi ajiyar zuciya ya yanke hukunci: madara ce aka zuba wa shayi, a mayar da ita inda ta fito.

Muka juya. A shingen Arewa, Mai Martaba Wazirin Hatimi ya ce sam, wannan madara ta riga ta fita ƙasar waje, dawowarta shigo da kaya ne, sai da shaidar likitan dabbobi. Na ce saniyar ga ta can, in ya hau kujera zai hango ta. Ya ce bai da hurumin hawa kujera. Na ce to mu zubar mana. Wani sojan sulhu mai shuɗiyar hula ya ce filin tsakiya ba a zubar da komai a cikinsa, kada wani ɓangare ya ce an canza masa yanayin ƙasa.

Rana tana ta sunkuyawa, Desmond yana ta duban agogo. A ƙarshe Sarkin Shinge ya ƙwala mana kira daga nesa, ya ce ya duba, madarar da ke cikin cikin mutum ba ta shafi doka ba.

Haka aka yi. Desmond ya kasa haɗiya, ni na yi ta ɗirka. Da na gaza, Sarkin Shinge ya tako har filin ya taya ni don kishin ƙasa, yaron ma ya sha, Wazirin Hatimi ya shanye sauran. Madarar Pembe ta shiga Kudu a cikin mutum uku, ta koma Arewa a cikin mutum ɗaya, ba wanda ya nemi fasfonta.

Mun isa gidan ana shirin rufewa. Beryl na zaune bakin taga, an taje mata kai, ta riƙe kofinta da hannu biyu. Desmond ya zauna gabanta da fulas ba komai. Ya kira sunanta. Ta dube shi da ladabi, irin duban da ake yi wa baƙo.

"Bawan Allah," ta ce, "ta hanya ka biyo? Ba ka ga mijina ba? Dogo ne, yana riƙe da fulas. Ba ya makara, sai dai in wani abu ya same shi."

Desmond ya tura fulas ɗin ƙarƙashin kujera da ƙafa, ya ce, "Na gan shi, uwargida. Yana kan layi."

"Ai kuwa shi ne," ta ce. "To ba zai tsallake kowa ba." Ta mayar da idonta taga.

Na fita waje, don ba na son a ga ƙato kamata yana share ido.

Da muka dawo shinge, Sarkin Shinge ya tsayar da mu da kansa. Na ɗauka zai tambayi jikin matar. Ya sunkuyo ta tagar mota ya ce wa Desmond dokar tana nan daram, mako mai zuwa ma ba za a bar madara ta wuce ba, saboda haka a ɗan ƙara sukari.