Ranar da Na Zuba wa Inji Zoɓo

Ko zan manta da komai a zamana na Dubai, ban da ranar zoɓon nan. Kowa ya yi wa injin zuƙe ruwan sitonmu mummunar fahimta. Gwaggo ta ce tsufa ya yi. Malam Sabi'u mai ɗaure mana kwalaye ya ce teku ce take biyowa ta ƙasa. Ni kuwa (da na fi kowa baki) na rantse manajan ginin ne ya saka mana gwanjo.

Sitonmu na cargo a ƙarƙashin ƙasa yake, a Hor Al Anz. A kusurwa akwai ramin da ruwa ke taruwa, da inji a ciki. In ruwa ya kawo wuya sai injin ya tashi ya zuƙe, ya tura shi ta tiyo zuwa kwatar waje. A da sai mu wuni ba mu ji motsinsa ba. Kawai sai ya sauya hali. Ya tashi, ya mutu. Kafin ka liƙe kwali ɗaya ya sake tashi, har wayarsa ta fara zafi.

Ga lefen mutane jibge a ƙasa yana jiran container: leshi, abaya, turaruka. Gwaggo, yayar babana da ta kawo ni ƙasar, ba ta ɓoye min ba. "'Yar nan, ke na bar wa sito. Injin nan ya ƙone ruwa ya taɓa kayan amana, wallahi jirgin Kano za ki bi."

Na naɗe hannun riga na shiga aiki. Na kwashe ledoji daga ramin. Na duba ƙwallon robar da ke tayar da injin, ba abin da ya maƙale ta. Na bubbuga abin da ke hana ruwa dawowa ta bututu. Duk a banza. Sai na koma kan manaja, na dinga aika masa saƙon murya (wasu ko gaisuwa babu) har ya gaji ya zo, Balarabe fes cikin farar kandura, jallabiyar nan tasu.

"Shwaiya shwaiya, sister," in ji shi.

Wai in bi a hankali; ni kuwa ban san shwaiya ba. Na taɓa gani a waya cewa in ana son gane inda ruwa ke bi, rina shi ake yi. Ba ni da rini, amma ga jarkar zoɓon Gwaggo a kula. Na tuttule ta kaf a ramin, na riƙe ƙugu.

"Tsaya ka gani. Injinka ƙara kawai yake, ba inda ruwan ke zuwa!"

Inji ya tashi, ya zuƙe tas. Rami fayau. Na fara jin wani iri. Can sai ga jan ruwa yana gangarowa ta gefen matakala, ya bi bayan kwalaye, ya lashi takalmin manaja da bakin kandurarsa, ya koma ramin abinsa.

Muka bi sawun ruwan muka hau sama. A nan muka tarar da shuɗin durona, cike maƙil, yana ambaliya, bakin tiyon a ciki.

Ku yi min adalci. Na tashi a gidan da ake leƙen mai garuwa tun safe. In ga ruwa yana zuba a kwata haka kawai? Zuciyata ba ta ɗauka ba. Ni na zare tiyon na saka a duro don mu riƙa goge ƙasa, na kuma manta da shi ɗungurungum. Ashe ruwa ɗaya injin, bawan Allah, yake ta ɗagawa, ni ina maido masa.

"Duron waye?" manaja ya tambaya.

Malam Sabi'u ya hau kallon sama kamar mai neman wata. Gwaggo ta dangwali ruwan ta shinshina.

"Ke! Zoɓon nawa ne wannan?"

Dariya ta ci ƙarfinta har sai da ta zauna a kan matakala. Manaja ya dubi kandurarsa, ya dube ni, ya ce "Khalas," wato shi ke nan, ya mayar da tiyon kwata da hannunsa. Inji ya yi tsit har muka tashi. Lefe ya tsira, nima na tsira, sai dai har yau in na ɗaga murya a sito Malam Sabi'u kan ce, "A kawo zoɓo ne, ranki ya daɗe?"

Na dai koyi cewa kafin in zagi mai inji, gara in bi tiyo har ƙarshensa. Duron kuwa na wanke shi na rubuta sunan Umma a jiki. Container mai zuwa zai bi, ya tafi inda aka san darajarsa.