Ranar da Muryata ta Halarci Walima

Ba zan taɓa mantawa da walimar auren ɗan Alhaji Sani ba, duk da ban je ba. Muryata ce ta wakilce ni.

Tun da na ajiye aikin gidan waya na dawo Madarumfa, ba ni da abin yi sai ƴar rediyona ta magana da na nesa. Ƙarfinta bai kai na fitilar ɗaki ba, amma ina ji da ita (uwargida Rabi tana kiranta "akwatin ɓata lokaci"). Duk Asabar da hantsi nakan kira Musa, tsohon abokin aikina a Damagaram, mu sha hira.

Sai walimar ta faɗo Asabar. Alhaji Sani maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu, tare muka yi ƙuruciya. Amma Shaiɗan ya rinjaye ni, na aika masa cewa ciwon baya ya kayar da ni. Bawan Allah har man zafi ya aiko mini. Rabi ta harare ni, ta yafa gyale ta fice zuwa walimar.

Abin da ban lura da shi ba, masu kayan sauti sun ɗaure wayar lasifikarsu a reshen itacen bedin da eriyata take. Ni da na shekara talatin cikin wayoyi, na fi kowa sanin abin da hakan ke haifarwa: maganar rediyo kan tsallaka ta fito a lasifika. Ita kuma irin wannan rediyo, muddin ka danne maɓallin magana ba ka jin kowa, ga abin sauraro ya toshe mini kunnuwa.

Na danna, na gyara zama.

"Musa, lahiyata lau, ƙarya na shirga! Wa za ya zamna cikin rana yana saurarar Alhaji Sani? Mutumin da in ya kama jawabi sai an kira azahar. Naman walimarshi kuwa, sai ka sa tabarau kahin ka gane shi cikin shinkahwa."

Ban tsaya nan ba. Na taɓo rowarsa, na bi ta kan babbar rigarsa ta kowace Sallah, na sauka kan waƙar da ya taɓa rera wa Hajiyarsa muna samari. Har na rera baiti guda.

Ina cikin amshi aka fizge abin kunnena. Rabi ce, tana haki, ba takalmi a ƙafa ɗaya.

"Malam, rufa mana asiri! Liman na tsakar addu'a ka shigo!"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Kafin in samu bakin magana sai ga sallamar Alhaji Sani, riƙe da faranti shaƙe da nama. Ya dire shi gabana.

"Ga shi, Malam. In bai ganuwa, in aiko maka da tabarau."

Wata guda ina zagayawa ta bayan gari zuwa masallaci, kafin ya yafe mini. Yara kuwa har yau rera baitin suke in na wuce.

Da na sake samun Musa na tambaye shi ko ya ji abin da na faɗa ran nan. Ya ce ko kalma ɗaya ba ta iso Damagaram ba, shuuu kawai yake ji.

Tun daga lokacin na gane cewa gulma ba ta buƙatar batir mai ƙarfi. Wanda kake faɗa wa zai iya rasa ta, amma wanda ake yi da shi ba ya kuskure ta.